Maganin Safe da Muka Mayar Bayan Shan Ruwa

Duk wanda likita ya ba wa magani ya ce masa "da safe", kuma ga azumi na tafe, don Allah ya zauna ya karanta wannan kafin a ga wata. Sunana Zulai, a Makera muke zaune, kuma bara saura ƙiris a sa wa maigidana mari a ƙafa a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Yanzu da ya samu lafiya shi ya ce in rubuta, har ya ce zai zauna mu yi tare. Ya zauna ɗin kuwa, amma kafin in gama layin farko ya tashi gyaran fanka, can kuma na jiyo muryarsa a waje yana cinikin tattabaru. Don haka ni kaɗai zan ba ku labarin.

Maigidana Rabi'u, wanda nake kira Abban Ummi, tela ne. Shagonsa yana Kakuri, a layin masu sayar da zare da maɓalli. Hannunsa ba na wasa ba ne, in ya yanka maka kaftani ba ka ƙara kai ɗinki wani wuri, in dai ka samu kayan sun fito. Matsalar ke nan, fitowar. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba. Zai fita sayen burodi ya dawo da ƙusa da labarin wata mota da ta faɗa kwalbati, burodin kuwa babu. Makulli, waya, hula, har tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa, duk mun sha neman su tare. Kana masa magana yana kallonka ido cikin ido, amma hankalinsa ya daɗe da tsallake kogi. A shago abin da ya fi so shi ne yanka. In sabon yadi ya shigo jikinsa har rawa yake, ya shimfiɗa, ya zana da alli, ya sa almakashi. Wajen haɗawa da ɗinkewa da guga, a nan ake yin ta. Shekara da shekaru ni ina cewa rashin kula ne, danginsa suna cewa rashin ji ne.

Wata ma'aikaciyar jinya da yake wa 'ya'yanta ɗinki ce ta zauna jiran kaya a shagon wata rana, ta yi ta kallon yadda yake sakin wannan ya kama wancan, ta ba shi shawara ya je asibitin ƙwaƙwalwa ya ga likita. Ya dawo gida yana huci, wai shi za a mayar mahaukaci. Na sha lallashi kafin ya yarda muka je, ya kifa hular sanyi har kunne a tsakiyar zafi don kada wani ya gane shi. Bayan zuwa da dawowa da tambayoyi har kan yadda yake a firamare, likitar, wata mata mai magana a hankali, ta ce abin da ke damunsa ana kiransa ADHD. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta iya tsayar da hankali wuri ɗaya sai da taimako, kuma da abin ya taso tun yana yaro. Ta rubuta masa magani, guda ɗaya kullum da safe, ta kuma kafa masa doka: kada ya yanka yadi na biyu sai ya gama ɗinke na farko. Maganin akwai tsada, ba kuma a kowane kantin magani ake samunsa ba, wani watan sai na tsallaka gada na shiga cikin gari nema. Amma ya yi aiki. Na ga abin da ban taɓa gani ba, Abban Ummi ya ce wa mutum Laraba, kuma kayan suka fito ranar Laraba.

Abu ɗaya ya roƙe ni tun ranar farko, muna cikin keke a hanyar dawowa. Ya ce, "Zulai, ki rufa min asiri. Kada Hajiya ta ji, kada Yaya Haruna ya ji. In aka san na taka asibitin nan, har in mutu sunana mahaukaci, kuma ba wanda zai ƙara ba ni yadinsa." Na yi masa alkawari. Hajiya mahaifiyarsa ce, tana zaune a Kakau wajen Yaya Haruna, babban wansu, wanda tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ita ce magana a gidan. Don kada kowa ya ga kwalin mai hatimin asibiti, Abban Ummi ya juye maganin a wani ɗan gwangwanin allura yana yawo da shi a aljihu.

Ga tela, Sallah ba ranar idi take farawa ba, tun daga farkon azumi ake shiga cikinta. Wannan ne azuminmu na farko da maganin, sai ga tambaya ta taso: yaya mai azumi zai sha maganin safe? Ranar komawarmu asibiti sai bayan Sallah. Zuwa kafin nan kuwa yini guda ne a kan benci, shi kuma ya ce ko da wasa ba zai rufe shago a wannan watan ba. Da muka je Kakau gaisuwar azumi sai na yi dabara, na tambayi Hajiya yadda take yi da maganin hawan jininta.

Ta ce, "Ai wannan kowa ya sani, 'yar nan. Na safe ya koma bayan shan ruwa, na dare ya koma sahur. Tun ina da ƙarfina haka nake yi."

Haka kowa yake yi kuwa, daga uwata har maƙwabta. Abban Ummi ma ya ce ya fi masa, tun da dama bayan tarawi tela ke aikin gaske, lokacin da gari ya yi sanyi kuma ake ɗan kawo wuta. Muka mayar da maganin bayan shan ruwa, muna ganin mun yi wayo.

Makon farko murna ma muka yi. Ya ce bai taɓa jin kansa ya yi tas haka ba. Daga masallaci ya wuce shago, sai sahur ya shigo, kamar kowane tela a layin. Bambancin shi ne sauran in sun yi asuba sukan miƙe har hantsi, shi kuwa sai ya kwanta ido biyu, ƙafa na kaɗawa, ya juya nan ya juya can, ya tashi ya ce bari ya leƙa shago. Da rana maganin ya sake shi, ga ba barci, ga yunwa, ga ƙishi, ga zafin nan da ke sa kwanon ɗaki ƙara. Tsohon Rabi'u ya dawo, har ya fi na da. Kuma da rana ne mutane ke kawo ɗinki. Abban Ummi bai iya cewa a'a ba, bakinsa kan riga kansa magana. Duk wanda ya shigo da shadda ko yadi, amsar ɗaya ce: "Ba matsala, kafin Sallah in sha Allahu."

A mako na biyu abinci ya gagara. Zan dama kunun tsamiya, in soya ƙosai, in yi abin da na san yana so. Zai ci dabino ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya haɗiyi maganin, kafin a idar da magariba ya ce cikinsa a cushe yake. Sahur cokali biyu. Wuyansa ya fara zurmawa, idanunsa suka yi ja, magana ta zama kamar ana kora shi, ya fara wannan zance bai ƙare ba ya faɗa wancan. Yana yawan dafe ƙirji ya ce zuciyarsa na gudu. Ranar da 'yarmu Ummi ta yar da kofi ya daka mata tsawar da sai da ta yi fitsari a tsaye, shi da ko hararar yarinyar nan bai taɓa yi ba. Bayan nan ya ɗauke ta yana ba ta haƙuri, hannunsa na karkarwa.

Ni ma ba zama nake ba. Na ɗauka zafi ne da yawan aiki. Matan gidanmu kowa da nata, wannan ta ce a jiƙa masa tsamiya, waccan ta ce habbatus sauda da zuma, wata ta ce baki ne ya kama shi saboda kasuwarsa ta buɗe, a samo rubutu. Na yi duka, Allah Ya saka musu, don da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma ba wadda ta san akwai wani magani a tsakani, ni kuma ko a mafarki ban kawo cewa lokacin shan ne ke cinye shi ba. Magani dai ai magani ne, ko yaushe ka sha.

Madam Nkechi ce ta kira ni a waya. Ita ke da shagon zare da zif da ke manne da nasa, shekarunta a Kakuri sun fi nawa a duniya. Ta ce in zo da kaina in gani. Na isa bayan la'asar, na tarar ya fita, wai ya tafi neman wani zare har Sabon Tasha, alhali ga irinsa a gabanta. Na leƙa shagon. Babu yadi ɗaya da ya rage a naɗe. Duk abin da aka kawo masa ya yanka, ya tara a kan tebur, a kan benci, a ƙasa, a kan keken ɗinkin kansa. Hannun rigar wani yana cikin wandon wani, fararen shaddoji iri-iri sun cakuɗe, in ba shi ba babu mai iya cewa wannan na wane ne. Abin da aka gama ɗinkewa yana rataye a ƙusa, bai taka kara ya karya ba. In tela bai yanka ba, yana iya mayar wa mutum yadinsa ya ba shi haƙuri. In ya yanka kuwa, ya ɗaure kansa.

Madam ta ja ni gefe ta ce, "Maman Ummi, your oga no well o. Wallahi ba shi da lafiya. Jiya yana magana shi kaɗai da almakashi a hannu. Kuma mutane sun fara surutu, sun ce yana shan abin nan da yaran tela ke sha don kada su yi barci. Ni na ce ƙarya ne, na san Rabi'u. Amma ki yi wani abu."

Surutun ya riga ni isa Kakau. A mako na uku sai ga Yaya Haruna ba sanarwa, wai ya zo shan ruwa da mu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kira sallah, Abban Ummi ya ci dabinonsa, ya ɗan juya baya, ya zaro gwangwanin allura. Kafin ya kai hannu baki Yaya ya damƙe wuyan hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Maganin ciwon kai ne, Yaya."

"Maganin ciwon kai a gwangwanin allura? Ina kwalinsa? Wa ya ba ka?"

Abban Ummi ya fizge hannunsa, ya miƙe, ya ce shi ba yaro ba ne, a daina bin sa kamar ɓarawo. Da ƙarfi ya faɗa, har maƙwabta suka leƙo. Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga wa Yaya murya ba. Yaya ya dube shi sama da ƙasa, da jan idon da ramar da rawar hannun, ya sa takalminsa ya fita, ko kunun bai taɓa ba.

Washegari Hajiya ta aiko in zo. Na tarar da ita tana kuka, Yaya na zaune a bakin ƙofa da carbi. Ya ce sun yanke shawara. Akwai wani malami a wani ƙauye gaba da su, yana da gidan mari, inda ake ɗaure masu shan ƙwaya da sarƙa a ƙafa har sai abin ya fita daga jikinsu. Ya riga ya yi magana da shi. Ya ce gara a ɗaure Rabi'u yanzu da a tsince shi a bola yana tsince-tsince.

Na ce, "Yaya, wallahi ba ƙwaya yake sha ba."

Ya ce, "To me yake sha?"

Maganar tana bakina, alkawarin yana wuyana. Na yi shiru ina kallon tabarma. Shirun nan kuwa shi ya gama tabbatar musu. Hajiya ta ce, "Zulai, ashe kin sani kika ɓoye mana?" Wannan kalmar ta yi min ciwo, har yau in na tuna sai na ji ta.

Na dawo gida na sami Abban Ummi, na roƙe shi ya bar ni in faɗa. Ya ce in na faɗa bai yafe ba. Ya ce barazana ce kawai irin ta Yaya, kuma kafin in ƙarasa magana ya koma zancen babbar rigar wani Alhaji da bai samo mata zaren aiki ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, ko hatsarin da ke kansa hankalinsa ya kasa riƙewa. Na ce to mu je asibiti, ya ce bayan Sallah. Sai na tafi ni kaɗai da katinsa. Na yi sammako, na tarar da layi har waje, masu azumi da marasa azumi kowa na fifita da kati. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na dawo na tarar an zaune min wuri. Sai wajen azahar aka kai kaina, mai karɓar kati ya ce ba a ganin likita ba mara lafiya, kuma ma ba ranar likitarmu ba ce. Na ce tambaya ɗaya ce da ni, ya ce kowa a layin nan tambaya ɗaya ce da shi. Na fito ina zagin tsarin a raina, ko da yake ban ga laifin mutumin ba, shi ma leɓensa a bushe yake.

Muna cikin goman ƙarshe, wata safiya da hantsi, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Abban Ummi na kwance a ɗaki, ba barci yake ba, ya dai kasa tashi, gumi na keto masa, yana cewa ƙirjinsa. Yaya ya yi sallama ya shigo da wasu ƙarti biyu, almajiran malamin ne manya, ɗaya da igiya a naɗe a hannu. Matan gida suka fito suka yi cirko-cirko. Ban san lokacin da na tsaya a ƙofar ɗaki na riƙe ƙyaure da hannu biyu ba.

Yaya ya ce, "Zulai, matsa. Ba na son in yi miki rashin mutunci."

Na juya na ce, "Abban Ummi, ko ka faɗa, ko in faɗa." Ya dube ni, ya juya fuskarsa bango.

Sai na faɗa. Na so in yi ƙasa da murya, amma muryar ta ƙi, duk gidan suka ji. Na ce asibitin ƙwaƙwalwa muke zuwa tun kafin azumi da daɗewa, likita ce ta rubuta masa maganin, ga sunan ciwon, ga katin. Yaya ya karɓi katin ya juya shi, ya ce kati ai ko a bakin titi ana bugawa, kuma mace ba abin da ba za ta faɗa ba don ta kare mijinta.

Raina ya ɓaci, kunyar da nake ji tasa ta tafi. Na ce, "Yaya, ga mota nan ka zo da ita, asibitin kuma ba nisa. Mu je. In likita ta ce ba ta san shi ba, ni da kaina zan riƙe masa ƙafa a sa marin."

Sai ya juya ya ce wa ƙartin su kama shi a hankali su sa a mota. Haka muka tafi, ni da Abban Ummi a baya tsakanin mutanen da aka kawo su ɗaure shi, igiyar tana kan cinyar ɗayansu. A kowace mahaɗa ina kallon hannun Yaya a kan sitiyari, don ban tabbata ba zai karkata ya ɗauki hanyar Kakau ba.

A nan zan gode wa asibitin da na gama zagi. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa tana taɓa hannunsa ta auna bugun zuciyarsa, ta tsallake da mu gaban layi, aka je aka nemo likitarmu daga wani ɓangare. Tana shigowa ta ce, "Malam Rabi'u, me ya same ka haka?" Na saci kallon Yaya, ya sunkuyar da kai. Ta yi ta tambaya, barci, abinci, aiki, sannan ta ce, "Da ƙarfe nawa kake shan maganin?"

Na ce, "Bayan shan ruwa, Likita."

Ta ajiye bironta. "Tun yaushe?"

"Tun farkon azumi."

Ta yi salati. Maganar da ta faɗa ita ce har yau take kaina. Ta ce, "Wannan maganin na tashi ne, ba na kwanciya ba. Kun kunna masa janareta a lokacin da ya kamata gida ya yi barci, da rana kuma da yake buƙatar wutar kun bar shi a duhu." Ta ce shi ke hana barcin, shi ke kashe cin abincin, kuma mai irin wannan ciwon in ya rasa barci komai nasa ninkawa yake. Ta yi mana faɗa a kan rashin tambaya, ta kuma ce ita ma ya kamata ta yi mana zancen azumi tun kafin ya zo. Ban taɓa jin likita ta ɗauki rabonta na laifi ba sai ranar.

Yaya ya gyara murya ya ce, "Likita, ni yayansa ne. Ina son in ji daga bakinki. Ba ƙwaya ba ce?"

Ta ce, "Magani ne, Alhaji, ni na rubuta shi. Mai ƙarfi ne, shi ya sa yake da ƙa'ida. Ƙanenka ba ɗan maye ba ne, mutum ne da ya kusa wata guda bai yi barcin kirki ba. Da an kai shi wani wuri an ɗaure a wannan halin, ban san abin da zuciyarsa za ta yi ba."

Aka kwantar da shi zuwa yamma, aka ƙara masa ruwa. Ta ce a dakatar da maganin tukuna, ya ajiye azumi ya rama daga baya, ya ci, ya kwanta, a rufe shago. Sauran abin da ta tsara mana shi muke bi har yau, kuma shi nake so mai karatu ya ɗauka. Kafin kowane azumi sai mu je mu tambaya, bana ma mun riga mun je, ita ta mayar masa da shan maganin lokacin sahur bayan ta duba shi, kuma kada wani ya kwaikwayi wannan ba tare da ya tambayi nasa likitan ba. Dare na barci ne, ko Sallah gobe. Karɓar ɗinki an ɗauke masa, Madam Nkechi ce ke karɓa, ita kuma cewa a'a ba ya mata wuya, in ta ce an rufe to an rufe. Almakashin ma a shagonta yake kwana.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, Yaya ya sauke mu a ƙofar gida, ya ja motarsa da ƙartinsa. Bai kira ba, bai aiko ba. Na tambayi Hajiya a waya, ta ce tun da ya dawo bai yi zancen da kowa ba, kuma ba ta ji ya ce wa malamin an fasa ba. Kafin magariba kuwa duk layinmu an san Rabi'u tela yana zuwa asibitin mahaukata, abin da ya fi tsoro ya faru, kuma ta bakina. Ya daina min magana. In na kawo abinci ya ci kaɗan ya juya baya. Barcin ma bai zo da sauri ba, sai ya ɗan runtsa ya zabura ya ce ya ji ana buga shago.

Kwanakin da suka rage na yi su ne tsakanin Makera da Kakuri. Ni da Madam muka zauna a ƙasa muna haɗa hannu da jiki, wuya da aljihu, muna kara farar shadda da farar shadda a hasken rana. Muka bi teloli muna roƙo. Ba telan da ke son ɗinka yankan wani, balle a jajibirin Sallah, kowa kansa ya ɗau zafi. Wasu suka karɓi ɗaya ko biyu saboda mutuncinsa, Allah Ya biya su. Wani kuwa ya ce min shi ba ya taɓa aikin mahaukaci, a gaban mutane. An samu an fitar da na yara da yawa, amma na manya da dama suka kwana a yanke. Wayarsa ta yi ta ƙara har na kashe ta na tura ƙarƙashin katifa. Kowace mota ta tsaya a layi sai na leƙa.

Daren Sallah, bayan isha'i, barci ya ɗauke shi. Na gaske, har da minshari. Gari ya waye bai motsa ba, na hana Ummi shiga ɗakin, na cire mata takalmin Sallarta mai ƙara. Amma tun kafin rana ta fito masu kaya suka fara taruwa a ƙofar gida, tun da shago a rufe yake. Ina jin muryoyinsu suna hawa, wani yana cewa a fito masa da shaddarsa ko a yanke take, wani yana buga ƙofar da tafin hannu. Ina tsaye a zaure na rasa ta inda zan fara, sai na ji ƙarar motar da na sani. Motar Yaya ce.

Yaya ya ratsa mutane ya shigo, shi kaɗai, da darduma a kafaɗa da ƙamshin turare. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ina yake?"

"Yana barci, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya bayan isha'i." Sai na ƙara da cewa, "Bari in tashe shi, ko za ku samu idi."

Ya ce, "Kada ki kuskura."

Ya ɗauki bencin da ke zaure ya fita da shi, ya gicciye shi a bakin ƙofa, ya tattara babbar rigarsa ya zauna. Mutumin da tun da na shigo danginsu ban taɓa jin ya rasa sahun farko a idi ba. Motoci da babura suna wucewa cike da masu kabbara, lokaci yana tafiya, bai ko dubi agogo ba. Ina leƙe ta bayan ƙyaure na ji ya ce wa masu kayan, da muryar da ban san yana da ita ba:

"Ƙanena ba shi da lafiya. Duk mai magana ya zo ya yi da ni, ɗaya bayan ɗaya. Amma don Allah a hankali, barci yake."